Wasiƙun da Tela Ya Soke a Ƙusa

Tela bai yarda takarda ta tafi a banza ba. Kowace iri ta shigo shagonsa, bayanta zai juya ya rubuta awon mutane: wuya, kafaɗa, hannu, tsawo. In ya gama sai ya soke ta a wata doguwar ƙusa da ke jikin bango, kusa da inda yake rataye tef ɗin awo. Wasiƙun banki ma haka ya yi musu, ko ɗaya bai buɗe ba.

Shekara tara ke nan yana biyan bashin gidan da yake ciki da matarsa da 'ya'yansu uku. Banki ne ya biya kuɗin gidan, ya riƙe takardunsa jingina sai ranar da aka gama biya. Tela bai taɓa fashi ba sai bana, da aka yi masa aikin ido ya yi wata uku bai zura zare a allura ba. Biya ya tsaya, wasiƙu suka fara zuwa.

Duk ranar da masinja ya miƙo ambulan mai tambarin banki, sai ya karɓa ya ajiye gefe. "Ai na san abin da ke ciki," yakan ce a ransa. "Kuɗi suke nema, ni kuwa ba ni da su. In na tara na kai musu a dunƙule, ba sai na je ina sosa ƙeya a gaban 'yan yara ba." Kunya ce fa kawai, da ɗan girman kai. Ko matarsa bai faɗa wa ba.

Wata rana da hantsi yana cikin yanka yadi, sai ga matar ta faɗo shagon babu ko sallama, da takarda a hannu, bayanta duk gam.

"Baban yara, mene ne wannan? A ƙofar gidanmu aka manna ta, maƙwabta na kallo. Wai za a yi gwanjon gidan nan da kwana ashirin da ɗaya!"

Almakashin ya suɓuce masa. "Haka kawai? Babu ko gargaɗi?"

Idonta ya riga ya kai kan ƙusar. Ta zare takardun duka, ta tsamo ambulan huɗu masu tambari iri ɗaya da na takardar hannunta, ta ɗauki almakashinsa ta farke su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, mai awon wandon wani direba a bayanta, tunatarwa ce cikin lalama: in wata lalura ce ta same shi, ya zo cikin kwana talatin a rage masa biya na wata shida. Ta biyu ta ce ya saɓa yarjejeniya, aka ba shi wa'adi. Ta uku daga lauyan bankin take. Ta huɗu ranar zama a kotu ce, ta wuce tun makon jiya.

"Sun ce ka zo a sassauta maka," in ji ta. "Kai kuma ka rubuta musu ƙugun direba!"

Tela ya zauna jaɓar a kan benci. Wallahi bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Tashi," ta ce. "Kukan ma yi shi a hanya."

Ma'aikaciyar da suka samu a banki ba ta ɗaga musu murya ba. Ta duba takardar asibitin aikin idon da Tela ya miƙa mata, ta girgiza kai. "Baba, da tun wasiƙar farko ka kawo wannan, da hannu kawai za ka sa a wuce wurin. Yanzu tara ta hau, kuɗin lauya ya hau. Amma tunda ba a sayar ba, da sauran dama. Ku biya abin da ya taru kafin ranar, mu dakatar da gwanjon, mu sake tsara muku biya."

Abu ɗaya Tela ya mallaka da zai kai wannan kuɗi: babban keken ɗinkinsa na aikin wuyan riga, wanda ya yi shekara biyar yana tarin kuɗi kafin ya saya. Yana tsaye aka kwance shi aka loda a mota. Ya juya baya kamar mai gyara yadi, don kada a ga idonsa.

Gidan dai ya tsira. Tela ya koma kan tsohon kekensa na ƙafa, kuma matar ta sayo masa littafin awo mai kauri, ta ce in ta ƙara ganin ambulan a ƙusar nan, shi za ta soke a wurin. Yanzu in masinja ya zo, kafin ya juya babur Tela ya farke wasiƙar a tsaye. Har direban nan, da shi ma aka aiko masa wasiƙar bashi, Tela ya tura shi banki da ita tun tana ta farko.

Jama'a, takardar gargaɗin bashi ba ta mutuwa don an ƙi buɗe ta, wa'adinta tafiya yake yi. Ku buɗe, ku karanta ko a karanta muku, ku sanar da iyali, ku je a yi magana tun wasiƙar farko, lokacin da sassauci yake da sauƙi.