Takalmin Mai Jita

Mai jita yana tsakiyar waƙa na cafke ƙafarsa.

A 1974 ne, ranar da na fara ganin kiɗan zamani ido da ido. Abokina Yona, ɗan Wusasa, shi ya ja ni wani ɗakin taro kusa da Kusfa a Zariya. Ni ɗan Birni ne, ba na shiga ɗakin mutane da takalmi, sai na tuɓe a bakin ƙofa. Takalmin kuwa mai tudun nan ne na Yaya Ja'afaru, na ɗauko bai sani ba, kuma jibi ɗaurin aurensa.

Kiɗa ya yi zafi, na leƙa waje. Babu takalmi! Ina waigowa na hango shi a ƙafar mai jita, yana ta tiƙar rawa.

Na haye dandamali. Na ja, ya ja. Ya faɗa kan mai ganga, waƙa ta mutu. Na fizge ƙafa ɗaya na ruga.

A bakin ƙofa na ci karo da Yona yana cin gyaɗa. Ya zaro takalmin Yaya daga hammatarsa, ƙafa biyu cif.

"Na adana maka ne," in ji shi. "Wurin nan akwai ɓarayi."

Daga bayana aka kwatsa ihu: "Ga shi can!"