Wa Ke Tona Asirin Musbahu?

Karo na sha ɗaya ke nan Musbahu yana mayar da bidiyon baya. Ga ƙattinsa biyar sun durƙusa a layi, ga shi can a gefen fili ya shafa kunne, alamar a buɗe hanya ta hagu. Amma tun kafin ƙwallo ta motsa, 'yan Birmingham sun riga sun taru a hagun suna jira, kamar waɗanda aka raba wa katin gayyata.

Musbahu koci ne a wata ƙungiyar ƙwallon Amurka da ke Manchester. Rabonsa a aikin shi ne 'yan layin gaba, mutum biyar masu ƙirar buhun masara, waɗanda ke tare abokan hamayya don mai jifan ƙwallo ya samu sararin jifa. Shi ma a wannan layin ya yi shekara huɗu yana cin abinci a Amurka, har ranar da gwiwarsa ta dama ta ce ita ta gaji. Ya dawo unguwarsu ta Cheetham Hill a Manchester da ɗingishi, da kuma kai cike da dabaru.

Ba ƙungiyar da ba ta shakkar layinsa, sai Birmingham. Karawa uku, duka uku sun yi masa tsirara a gaban jama'a. Justina, shugabar ƙungiyarsu, ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce masa in aka sake ranar Lahadi, zai yi sallama da aikinsa.

To ai Musbahu ba yaro ba ne, ya san akwai munafuki a gida. Zarginsa ya sauka kan Ebenezer, mafi girman 'yan layin, wanda a Birmingham ya yi jami'a, kuma har yau can budurwarsa take. Sai Musbahu ya canza alamu kaf, ya koya wa sauran ranar Alhamis, ya ce Ebenezer ya je ya huta. Bawan Allah ya tsaya riƙe da kwalkwalinsa, ido ya kawo ruwa. Musbahu ya ji ba daɗi, amma ya kau da kai.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya koma gida ya tarar da baƙuwa. Gwaggo Raki ce, yayar mahaifinsa, tsohuwar malamar lissafi da ke unguwar Selly Oak ta Birmingham, a wani gida da ta cika da ɗalibai 'yan haya masu cin tuwo kamar gara. Ba ta cika zuwa ba, sau biyu ne a shekara, kuma duk zuwan da ƙorafi biyu: an nisanta ta da jikoki, sannan aikin Musbahu ba aiki ba ne.

"Har yanzu kana nan kana koya wa ƙatti ture-ture?"

"Haba Gwaggo, strategy ne. Aikin ƙwaƙwalwa ne zalla."

"Ƙwaƙwalwar da aka kife wa kwano? Sa'id ɗan Hafsatu tuni ya zama consultant a asibiti."

Wannan magana ce ke tunzura shi kullum. Ka zagi gwiwarsa, ka zagi motarsa, zai yi dariya, amma kada ka ce wasan nan ba hankali a ciki. Kamar yadda ya saba duk zuwanta, ya janyo tiren shayi, ya jera kofuna biyar, ya mai da cokula abokan hamayya. Matarsa Shifa ta leƙo ta ga an fara, ta koma kicin abinta.

Gwaggo kuwa sai hamma take. "To in ka kama gemu kuma fa, ciyawa za su ci?"

"A'a Gwaggo, na tsakiya ne zai ja baya."

"Ni kam kaina ya kulle. Sake."

Ya sake. Sau uku yana sakewa, har shayi ya huce. Daga ƙarshe ta girgiza kai ta ce Allah ya shirye shi. Ya roƙe ta ta zo kallo tunda a garinsu za a yi, ta ce Lahadinta ba ta zaman kallo ba ce. Asabar da safe ta kama jirgin ƙasa ta koma gida.

Ranar Lahadi Musbahu ya shiga filin Birmingham yana taku ɗai-ɗai, Ebenezer na benci. Ya kama gemu. Kafin na tsakiya ya ɗaga ƙafa, mutum biyu sun tsaya masa a wurin. Ya dafa ƙugu, suka koma dama suka jira. Mai jifan ƙwallonsu ya sha ƙasa sau bakwai, har ya fara kallon Musbahu kallon da ba na girmamawa ba.

Aka tashi talatin da ɗaya da shida. Justina ta wuce shi ba ko kallo. Kunya ta rufe shi, ba don aikin kaɗai ba. Ya je ya dafa kafaɗar Ebenezer ya ce ya zalunce shi, ya yafe masa. Sannan ya ja ƙafarsa zuwa wurin kocin Birmingham, ya ba shi hannu, ya ce tunda dai an riga an kore shi, a taimaka a nuna masa wanda ke karanta shi haka.

Mutumin ya yi dariya ya nuna ɗakin gilashin da ke saman 'yan kallo. Ƙofa ta buɗe, ƙattin Birmingham suka dare biyu suna tafi, wasu har da rusunawa.

Gwaggo Raki ta sauko a hankali, na'urar magana ɗaure bisa hijabinta, ta ce, "Daina ɓata rai ɗan nan, mu ma kocin layi muke nema, kuma na riga na samar muku flat a bayan gidana."