Jan Layi a Kwamfutar Baba

Jan layin da ke nuna cikar kwamfutar ya kai ƙarshe. A ƙarƙashinsa an rubuta saura mega tamanin. Auta ba ta san ko mega tamanin abin kirki ba ne, ta dai san kwana uku ke nan kwamfutar Baba ta ƙi buɗe komai.

Kwana ukun nan Baba bai ji muryar Mama ba. A watanninta na ƙarshe yakan ajiye rakoda a gefen gadonta, ita kuwa ta yi ta hira: ƙuruciyarta, ɗinkinta na farko, tsokanar da take masa kan minshari. Shekara biyu da rasuwarta, kullum bayan karin kumallo sai ya tura ƙofa ya saurari guda ɗaya. Rakodar ta daɗe da mutuwa. Abin da ke cikin kwamfutar nan shi ke nan, babu wani kwafi.

Da safe, kafin a kai shi asibitin ido, ya ce, "Ki gyara min ita, Auta. Share duk abin da kika ga dama, amma kada ki taɓa min mahaifiyarki."

Auta tela ce kamar uwarta. Da keken ɗinki ne ya tsaya, da ido rufe za ta kwance shi. Wannan kuwa ko wayar cajin sai da ta sha nema, daga bisani ta same ta a cikin tsohon gwangwanin fenti. Halin Baba ke nan na ɓoye kaya tun da jikoki suka yi ƙafa: makulli a cikin takalmi, katin asibiti a ƙarƙashin tukunyar fure.

A kusurwar allon akwai folda mai suna Mama. Auta ta kauce mata kamar garwashi. Ko da ba a gargaɗe ta ba, ba za ta iya buɗewa ba, don har yau zuciyarta ba ta ɗaukar muryar nan.

Ta kira Yaya a wurin aiki. Ya ce faifan C, wato ma'ajiyar kwamfutar, shi ne ya cika, kwamfutar tana so ta sabunta kanta ta rasa wuri, sai an sama mata giga shida. Ya faɗa kamar giga shida a aljihu ake ajiye su, sannan ya kashe waya.

Ta cire wasannin jikoki. Ta share wasiƙun da Baba ya rubuta tun yana koyarwa. Ta share hotunan motocin da ba a san wanda ya sauko da su ba. Kowane fayil sai ta karanta sunansa sau biyu. Jan layin ko gezau.

Wajen azahar ta rasa tudun dafawa. Babban fayil ɗaya ya rage, giga bakwai: bidiyon bikinta. Faifan da mai hoto ya ba ta ya ɓace a wajen ƙaura, nan kaɗai yake. Ta daɗe tana kallonsa. Ita tana da miji a raye, yana dawowa gida kowace yamma. Baba fa? Ta runtse ido ta danna.

Layin bai motsa ba. Nan fa hawaye ya zo mata, ga asara ga rashin biyan buƙata. Ta sake kiran Yaya.

"Kin share, amma kin zubar? Ai duk suna cikin kwandon sharar kwamfutar. Zubar da shi ki gani."

Kwamfutar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta tuna farin lesin da ta kwana huɗu tana ɗinka wa kanta, ta ce ta tabbata.

Layin ya koma shuɗi. Giga arba'in da ɗaya, ita da ta sa ran goma. Ta yi hamdala, ba ta tsaya neman ba'asi ba. Kwamfutar ta shiga sabunta kanta, awa biyu tana rubuta sababbin abubuwa a wurin da aka buɗe mata. Foldar Mama tana nan a kusurwarta, ko ƙura ba ta taɓa ta ba.

Da yamma aka dawo da Baba, ido ɗaya a manne da filasta. Ko takalmi bai cire ba ya laluba ya zauna.

"Ta tashi?"

"Ta tashi, Baba."

Ya yi ajiyar zuciya. "Allah ya yi miki albarka. Ba na gani sosai, kunna min ita."

Auta ta daure ta buɗe foldar. Takardun gwaji ne da hotunan ƙirji. Ta sauka har ƙasa, ta hau, ta sake sauka.

"Baba, ban ga murya a foldar Mama ba."

Ya yi ɗan murmushin wanda dabararsa ta ci. "Wannan ai takardun asibitinta ne. Yaran nan babu foldar da ba sa shiga. Buɗe kwandon shara, can na ɓoye ta."