Muƙamuƙin Aro

Saude, jiya da kika zo kina ba ni labarin mutumin nan mai neman aurenki, ban katse ki ba. Kin ce wushiryarsa irin ta marigayi mijinki ce, dariyarsa ma haka, har yadda yake hura shayi kafin ya kurɓa. Na ji duka. A kan yaranki biyu kuwa, in ban da magana ɗaya, ban ji kin ce komai ba. To, ga misali, ki riƙe shi.

An yi wani mutum mai ilimi, aikinsa tono ƙasusuwan birai na zamanin da can, waɗanda suka daɗe a ƙasa har suka koma dutse. Kada ki yi dariya, sana'a ce, ana ci da iyali da ita. Idan ya duba ƙashi sai ya gane wane biri ne ɗan uwan wane, wane ne ya fito daga tsatson wane, kamar yadda mu tsofaffi muke warware dangi a gidan biki. A ƙuruciyarsa ya tono wani biri a cikin kwazazzabo, irin manyan nan marasa bindi masu lilo a reshe da dogayen hannaye. Ya samu ƙoƙon kai, ya samu kafaɗa da ƙugu, abin gwanin kyau. Muƙamuƙin ƙasa ne kawai babu. Ya yi shekara da shekaru yana share birin nan da tsinke da buroshi, kullum idonsa na kan gurbin da ya rage.

Wata shekara da rani, a wannan kwazazzabon dai, ya tsinci wani muƙamuƙi mai karyayyen gefe. Turamen haƙoransa faffaɗa ne masu kauri, sak na birinsa. Mutumin nan har ƙwalla ya yi. Ya kawo shi ya gwada a gurbin, muƙamuƙin ya zauna, amma da ɗan tokari ta wajen kunne. Abokin aikinsa ya ce masa, "Haƙori kaɗai ba ya shaida. Ka bari damina ta sauka, ruwa ya wanke gangaren nan, mu ga abin da ke kwance a ƙasa." Bai ji ba, ya gaji da kallon gurbi. Ya ɗauko magagari ya ɗan goge inda yake tokarewa, ya ce ai ƙasa ce ta lanƙwasa shi. Ya shafa gam mai ƙarfi ya manna. Ya kira mutane suka zo suka gani, kowa ya ce masa barka.

Damina ta zo ta yi aikinta. Ruwa ya zaftare gangaren, sai ga wani biri kwance daidai inda aka tsinci muƙamuƙin. Wannan kuwa mai bindi ne, ga ƙasusuwan bindin a jere kamar carbi, ƙirjinsa siriri, gwiwar hannunsa ta mai tafiya a ƙasa da ƙafa huɗu. A kusa da kansa ga guntun ƙashi. Da aka kai shi jikin karyayyen gefen muƙamuƙin nan, sai ya shige ciki cif, kamar ɓarin ƙwarya ya samu ɗan uwansa. Ashe birai biyun nan danginsu sun rabu tun kaka da kakanni. Abinci ne ya haɗa su. Dukansu 'ya'yan itace masu tauri suke fasawa, irin su ƙwallon goriba, shi ya sa zuriya bayan zuriya haƙoran kowane gida suka yi kauri iri ɗaya. Wanda ya san aikin, a ƙugu da kafaɗa da gindin ƙashin baya yake neman dangantaka, shi ma kuma ya san haka sarai. Son abin ne ya rufe masa ido. Ya zo zai cire muƙamuƙin aro, gam ya riga ya kama. Da ya ja, sai ya taho da ɓarin ƙoƙon kan birinsa na asali, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana lallaɓawa. Muƙamuƙin kuma ya riga ya goge shi, bai ƙara zama daidai a kan mai shi ba. Ya tashi da birai biyu, kowanne da tabon hannunsa.

Yanzu ki dube ni, 'yar nan. Ban ce mutumin banza ba ne, ban san shi ba. Ke ma kuma ba ki san shi ba, haƙoransa kika sani. Na kuma ji magagarin a bakinki jiya, da kika ce ya daka wa ɗan autanki tsawa don ya taɓa masa waya, amma ai gajiya ce. Marigayi, Allah Ya jiƙansa, ya taɓa daka wa yaron nan tsawa? Na san zafin gurbi, ni ma na binne miji, na san yadda ido ke neman mutum a fuskar kowa a kasuwa. Amma yaran nan su ne ƙoƙon kan da aka bar miki, idan abu ya manne da su aka zo cirewa, da ɓarinsu zai tafi. Ki bari damina ta sauka. Ki ga yadda yake idan ransa ya ɓaci, ki ga yadda yake magana da uwarsa, ki ga ko yaran suna fitowa idan ya yi sallama ko ɗaki suke shigewa. Idan ya fito mutumin kirki, ki aure shi a matsayin kansa, ni zan fara rangaɗa guɗa ko da haƙorana uku. Amma kada ki aure shi don ya zama wanda ke kabari, ba zai iya ba, kuma ba laifinsa ba ne. Hausawa sun riga sun gama magana: kama da wane ba ta wane.