Rimin da Gatari Bai Taɓa Ba

Kai da kake cewa dokar da aka gada ba a sa mata hannu, gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai unguwa.

A tsakiyar unguwarsa akwai wani rimi, irin wanda in ka ɗaga kai don ka ga ƙarshensa sai hularka ta faɗi. A kansa shamuwa take sauka in damina ta kawo kai, a inuwarsa wanzamai da masu saƙar tabarma suke wuni. Tun zamanin kakansa aka kafa doka ɗaya tak: duk wanda ya ɗora wa rimin nan gatari, ya tattara nasa ya nasa ya bar unguwa. Mai unguwa ya riƙe dokar nan gam, ko akuya ce ta goga jikinta da rimin sai ya harare ta. Gari ya yi ta cika, aka shimfiɗa kwalta, aka ja magudanar ruwa, kowa ya malala siminti a ƙofar gidansa. Shi kansa ya sa aka zagaye gindin rimin da dakali don a ji daɗin zama. Ana nan sai rimi ya fara bushewa daga sama. Dattawa suka ce a sake duba dokar, ya ce atafau, abin da ya tsare bishiya tun kaka da kakanni ba shi zai taɓa shi ba. Ya ƙara sa ido yana neman mai gatari, bai kama kowa ba, rassa kuwa sai faɗowa suke yi ɗaya bayan ɗaya. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don ba ya son a ce a hannunsa rimin ya mutu.

Rannan da la'asar aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, har titin bayan masallaci ya rufta, can nesa inda ko inuwar rimin ba ta kaiwa. Da aka ɗauke, mai unguwa ya je ya leƙa ramin, sai ya yi tsaye baki buɗe. Saiwoyi ne, wasu kaurin cinyar ƙato, wasu sirara kamar zare, sun sarƙe juna sun riƙe ƙasa, sun ratsa ƙarƙashin katangu sun nufi gidajen mutane, har da nasa. Ya tattare riga ya sauka, ya dafa ɗaya ya ji sanyinta. Ashe duk shekarun nan rabin bishiya yake gadi. Ashe unguwar gaba ɗaya a kan rimi take zaune, ana haihuwa ana mutuwa a bisansa ba wanda ya sani. "Allahu Akbar," abin da ya iya faɗa ke nan. Sannan idonsa ya kai inda ƙasar ta fara tsagewa, daidai wurin da masu haƙa magudana suka datse manyan saiwoyi da diga, da izininsa, yana tsaye yana yi musu sannu da aiki. Ba wanda ya karya doka. A zamanin kakansa ƙasa a buɗe take tana shan ruwa, abin tsoro gatari ne kaɗai. Yanzu kuwa ta ƙasa ake kashe bishiya, dokar tana can tana kallon sama.

Washegari shi da kansa ya tara dattawa, aka ƙara wa doka: ba haƙa, ba malala siminti kusa da bishiya sai an duba inda saiwarta ta bi, kuma a bar wa kowace bishiya ƙasar da za ta sha ruwa. Aka fasa dakali, aka karkatar da magudana. Da bazara ta zagayo, ɓangaren gabas na rimin ya fitar da sabon ganye shar. Na yamma kuwa, wanda aka datse wa saiwa, har mai unguwa ya koma ga Allah bai sake toho ba, kuma kullum ya fito daga gida shi yake fara gani.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.