Ƙanƙarar Filin Koci Murdo

"Ku bari haka nan, sanyi zai kashe ku!" Koci Murdo Gillespie ya daka tsawa daga bakin fili.

Ko kallonsa ba su yi ba. Magoya baya kusan arba'in, kowa da shebur, tun asuba suke farfasa ƙanƙarar da ta daskare kan ciyawa.

"Haba Murdo!" in ji tsohuwa Elspeth mai shayin ƙungiya, tana haki. "Shekara goma ka yi kana buga mana ƙwallo, yau ƙanƙara ta gagare mu? Wasan nan babu fashi!"

Murdo ya ciji yatsa. 'Yan wasansa shida na jinya, shugaban ƙungiya kuma ya rantse in aka sake cin su, sai Murdo ya tattara kayansa.

Alƙalin wasa ya zagaya, ya caka makullin motarsa a ƙasa. Makullin ya shige, alamar ƙasa ba ta daskare ba.

"Za a buga," in ji alƙalin.

Wuri ya kaure da tafi. Elspeth ta rungume Murdo. "Kuka kake yi, ɗan nan?"

Kuka kuwa yake. Awa uku ya kwashe jiya da mesar ruwa a hannu, yana jiƙa filin don ya daskare a ɗage wasan.