Kyandir biyu a tagar Madam

Har yau in na ji warin kyandir, sai in tuna Madam, Bayahudiyar da mijinta ke aikin hanya a Kafanchan. Kowace Juma'a da almuru takan kunna kyandir biyu a tagarta, ta rufe ido ta yi addu'a.

Lokacin da yaƙi ya tashi a ƙasarsu, azumi ake yi. Samarin unguwa suka ce in ta sake kunnawa za su farfasa tagar.

Ranar Juma'a Mama ta fito sanye da kayanta na zumuntar matan coci, ta kama hannuna muka nufi gidan Madam. Inna Hajara mai ƙosai ta biyo mu da tabarma, ta shimfiɗa daidai ƙarƙashin tagar, wai nan za ta sha ruwa.

Samarin suka iso da duwatsu.

"Inna, ki tashi," in ji babbansu.

"Sule, ni na yanke maka cibiya. Zo ka ɗaga ni mu gani."

Madam ta kunna kyandir ɗinta. Aka kira sallah. Inna ta miƙa wa Sule ƙosai, dole ya yar da dutsen ya karɓa da hannu biyu.

Ni dai na ci guda huɗu.